Sale Ya Ƙi Wuce Ɗan Malam

Makarantar Elementare,
Wurno, Lardin Sakkwato.
5 ga Maris, 1958.

Zuwa ga yayana Malam Mode, a Zangon Kumashi.

Da sunan Allah na buɗe takardar nan, tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta. Bayan haka, ga gaisuwa mai tarin yawa daga ƙanenka Mu'azu, da ban girma irin wanda ƙane ke yi wa wansa, da tambayar lafiyarka, da ta mai masaukinka, da ta ɗaliban da ke zama a gabanka safe da yamma. Ina roƙon Allah ya sa ta iske ka da sauƙin tarin nan da damshin ƙasar kurmi ya saba tayar maka, ya ƙara maka ƙarfin ido don karatu, ya sa albarka a zaman da kake yi, ya kuma dawo mana da kai gida muna raye. Ga azumi ya ƙarato, kuma da alama bana a tsakiyar zafi za mu yi shi. Allah ya nuna mana, ya ba mu ikon ɗauka, amin.

Mu nan duka lafiya lau muke. Inna Uwaliya tana nan da ƙarfinta, in ban da gwiwar hagu da ke hana ta zuwa unguwa. Kullum tana bakin ɗakinta da mazari a hannu, kuma duk falken goron da ya sauka garin nan sai an kai shi gabanta ta tambaye shi ko ka rame. Maiɗakinka Yaya Kulu lafiya, 'yarku Mairo ta kusa raba Alƙur'ani biyu, kuma bakinta ya fi na da daɗin karatu. Maiɗakina Safara'u ta yi nauyi, muna sa rai bayan Salla, a sa mu cikin addu'a. An yi wa zaurenka sabon yaɓe. Gero ya yi kyau, wake ne tsutsa ta taɓa a gonarmu ta hanyar Dinawa, amma mun samu na kaiwa damina. Gulbi ya janye da wuri, mutanen fadama suka shiga garka kan lokaci, albasa ta yi a Goronyo har motoci na zuwa tun daga Badun suna lodi ranar kasuwa.

Yaya, abin da ya sa ni ɗaukar alƙalami shi ne maganar gudun Maccido. Na san labari ya riga ni isowa, domin Lawwali mai goro ya dawo ya faɗa mana irin murnar da ka yi da ka ji ɗanka ya zo na ɗaya a tseren lardi a Sakkwato. Ya ce har sadaka ka yi bayan Juma'a, ka kuma shaida wa dattawan zango cewa ɗanka zai tafi Kaduna da sunan lardinmu. Saƙonka ya iso wa Maccido, cewa ya tafi, ya yi da gaske, kada ya ba ka kunya. Labarin da aka kai maka gaskiya ne, amma rabinsa ne. Sauran rabin nauyinsa ya faɗo kaina, kuma na daɗe ina jujjuya yadda zan faɗa maka shi ba tare da na rage maka farin ciki ba. Ban samu hanya ba, don haka zan faɗe shi yadda ya faru.

Bari in fara da yadda abin yake, tun da ka bar gida kafin a soma wanga sha'ani. Bana da damina za a yi babban taron wasanni a can Turai, inda ƙasashen da ke da alaƙa da Ingila kowace za ta aika da samarinta su gwada gudu da tsalle da jifa. Nijeriya ma za ta aika. A taron da ya wuce wani yaro daga kudu ya ciwo na ɗaya a tsalle, jaridu suka yi ta bugawa, har yaranmu na nan suka riƙa kafa kara a bayan makaranta suna tsallakewa. Yanzu kuwa da ake ta maganar mulkin kai, manya na son a ga ƙasar nan ta fito da mutane a idon duniya, mu kuma na Arewa muna son a ga namu a ciki. Hanyar ita ce kowane lardi ya yi tserensa, wanda ya ci ya tafi Kaduna, waɗanda suka fita a Kaduna su tafi Ikko, a can a zaɓi masu shiga jirgi. Kwamitin wasanni na lardi ya ce aljihunsa mutum ɗaya kawai zai iya ɗauka a kowane irin gudu, da kuɗin motarsa da abincinsa da rigarsa. Na biyu, komi kyawun ƙafarsa, gida zai koma.

Ni aka ɗora wa tara samarin Wurno da Rabah da Goronyo. Muka share fili a Rabah muka yi namu, a nan na sake haɗuwa da Sale ɗan Kyauta. Ka tuna shi, siririn yaron nan da ubansa ya kawo maka daga Goronyo ya zauna gidanmu, yana karatu gabanka da asuba, yana zuwa ajina da hantsi, suna cin tuwo ƙwarya ɗaya da Maccido. Kai ka yi masa sauka. Da ya gama elementare Kyauta ya zo ya ɗauke shi, don ba shi da wani namiji da zai taya shi jan jigon ban ruwa a garka, Maccido kuwa ya wuce makarantar lardi a birni. To, yaron nan ya zama saurayi, dogo, ba nama a jikinsa sai jijiya. Garkarsu tana da nisa da gari, ya saba zuwa da gudu da dawowa da gudu, don kada rana ta yi masa. A Rabah, gudun mil uku, ya bar sauran har suka daina ganin bayansa, ya gama ya je ya ɗebo ruwa yana ba masu isowa. Ba takalmi, ba wanda ya taɓa nuna masa yadda ake yi. Na koma gida ranar nan ina jin kamar na tsinci wani abu a hanya.

Maccido shi da sunan makarantarsu ya shiga, don haka ba su haɗu ba sai a Sakkwato. Ranar farko aka kasa masu gudu kashi biyu, Sale da Maccido kowa ya ci kashinsa, amma Baturen makarantu da ke riƙe da agogo sai da ya duba agogonsa sau biyu bayan Sale ya gama, ya kira ni ya tambaye ni daga ina na samo wanga mutum. Ya ce abin da agogon ya nuna bai yi nisa da abin da ake yi a Ikko ba. Washegari aka haɗa waɗanda suka fita. Ana busa usur Maccido ya fita gaba, Sale ya bi shi ya manne, taki ɗaya a baya, ta wajen hagu, daidai yadda yake bin sa in za su masallaci yana riƙe da buzunka. Na ce a raina dabara ce, zai fito daga baya. Aka yi ta kewaya fili, bai fito ba. Maccido ya ƙara, shi ma ya ƙara. Maccido ya soma gajiya ya rage, shi ma ya rage. Mutanen Goronyo da suka cika motar albasa suka zo kallo suna ta kuwwa ya wuce, shi ko waiwaye bai yi ba. A kewayen ƙarshe wani ɗan Gusau ya taso musu, ina tsaye bakin igiya, da kunnena na ji Sale yana cewa, “Ɗan Malam, ƙara ƙahwa, ga mutum nan ya taho.” Maccido ya cije ya tsinka zaren ƙarshen tsere ya faɗi a ƙasa. Sale ya iso bayansa ya durƙusa ya yi masa sannu da aiki, ya tuɓe rigarsa yana yi masa fifita.

Filin ya kaure da dariya. Yaran birni suna tambayar Sale ko rakiya aka aiko shi, wani ya ce ai an manta ba a ba shi buta ya riƙe ba. Wani mahauci daga Goronyo ya ce shi tsere ya baro rumfarsa ya zo gani, aka nuna masa tafiya Juma'a. Baturen kuwa bai yi dariya ba. Ya kira ni gefe, fuskarsa ja, ya ce an haɗa baki, yana son sanin mi aka ba yaron, kuma wa ya ba shi, musamman da ya ji cewa wanda ya ci ɗan wana ne. Yaya, ban taɓa jin kunya irin ta ranar nan ba, a zaci gidanmu ya sayi gudu. Na yi masa bayani iyakar iyawata, cewa ba abin da aka ba shi, ladabi ne, ɗalibi ba ya shiga gaban ɗan malaminsa, balle ga shi Maccido ya girme shi. Ya ce a ƙasarsu ko ɗan sarki ne ana wuce shi a fili, a durƙusa masa bayan an fita. Ba mugun mutum ba ne, na lura abin da ya fi ƙona masa rai shi ne ya ga ƙafa irin wadda ya daɗe yana nema tana tafiya a hankali da gangan. Daga ƙarshe ya ce ba zai aika da suna Kaduna ba tukuna, za a sake gudun mil uku bayan ƙaramar Salla, kowa ya yi iyakar ƙarfinsa, wanda ya ci shi ke tafiya.

A mota muna dawowa na zauna kusa da Sale na yi ta yi masa magana. Na ce masa fili daban, gida daban, a fili ba babba ba yaro. Ya sunkuyar da kai yana cewa to, irin to ɗin nan da ka san ba ta shiga ba. Na ce ai ni ma malaminsa ne, ga shi na umarce shi. Ya ce haka ne, Allah ya saka mini, amma ni baƙin boko na ba shi, kai kuwa ka kama hannunsa ka ɗora a kan allo, a gidanka ya ci ya sha, da tufafin Maccido ya girma. Sai ya ce, “Malam, ni ban san an yi wani wuri a duniya inda ake wuce ɗan malami ba. In kuwa an yi shi, Malam Babba ya kamata shi hwaɗa mini, ba wani ba.” Daga baya kuma ya aiko mini cewa ba zai zo gudun bayan Salla ba, wai aikin albasa ya yi yawa. Na gane nufinsa. In bai zo ba, Maccido zai ci da ƙafarsa, ba mai cewa an haɗa baki, shi ke nan magana ta mutu.

Game da Maccido, ina son ka san ka haifi ɗa. Kada ka ɗauka gudunsa na banza ne. Shekarun nan duka yana tashi tun kafin a kaɗa ƙararrawa yana kewaya fili shi kaɗai, ba don Sale ba ba wanda zai kama shi a lardin nan. Ya kuma sa rai da Kaduna ƙwarai, don an ce wanda ya yi wa Arewa gudu ba a mantawa da shi in an zo ɗaukar ɗalibai a babbar kwaleji ta Zariya. Da ya zo hutun ƙarshen mako na iske shi zaune a zaurenka ya yi tagumi. Na ce masa ai ya yi ƙoƙari. Ya ce, “Baffa, ni na san abin da na ji. Numfashina nike ji kamar zuga-zugi, nashi ban ji ba ko sau ɗaya.” Ya ce tun a fili ya ce wa Sale ya wuce, Sale ya yi kamar bai ji ba, daga baya ya gaya masa cewa wannan kunya ba tasa ba ce da zai yafe ta, taka ce. Ya yi tunanin ya janye, amma ga umarninka cewa ya tafi. Kuma ko ya janye Sale ba zai taka wurin da ɗan Malam ya tashi ba, sai dai ɗan Gusau ya tafi, mu yi biyu babu.

Na hau keke na tafi Goronyo wurin Kyauta, na iske shi a garka yana kora ruwa cikin fangali. Ya yi mini tarba mai kyau, ya sa aka kawo fura, amma da na kawo maganar sai ya tambaye ni, su masu gudun nan, mi ka korar su. Na ce ba komi. Ya ce to shi a saninsa mutum ba ya gudu sai da dalili, ko kura, ko gobara, ko mai karɓar haraji. Ya ce da ya ji abin da ɗansa ya yi a Sakkwato sai da ya yi hamdala, don ya tabbata bai yi asarar kai shi Wurno ba, kuma da ya wuce ɗan Malam da shi da kansa zai zo ya ba Inna haƙuri. Na tambaye shi in kai ka ce ya wuce fa. Ya gyara bakin fangali da ƙafa, ya ce in Malam ya faɗa ai ba sauran magana, sai dai wa zai ja masa jigo. A nan samarin unguwarsu suka ba ni mamaki. Sun ce in Sale zai tafi, za su yi wa Kyauta gayya har ya dawo, da ban ruwa da cirar albasa da kai ta rumbu. Maccido ma ya ce zai zo da hutu ya ja jigo. Da Kyauta ya ji wannan sai ya riƙe baki ya ce a rufa masa asiri, ɗan Malam a garkarsa da guga, ina zai sa kansa a garin Goronyo.

A gida ma ra'ayi ya rabu. Yaya Kulu ta ce ita ba ta ga baffan da ke ja wa ɗan wani ya bar nasa ba, ta yi kwanaki ba ta amsa gaisuwata da sakin fuska. Ban ga laifinta ba, ita ta san yawan ƙulle-ƙullen ƙuli-ƙuli da ta aika birni don yaron nan ya yi ƙarfi. Inna kuwa da farko faɗa ta yi mini, ta ce, “Ɗan mutane na da kunyarsa, kai kana son ka wanke mai ita da sabulun boko.” Amma da Maccido ya zauna gabanta ya ba ta labarin da bakinsa, sai ta aje mazari ta ce wannan magana ta fi ƙarfinmu duka, a rubuta wa Mode.

Yaya, na yi ta tunani a kan abin nan da ake kira adalci a wasa. Ana jera mutane a layi ɗaya, a busa usur ɗaya, a ce an yi daidai. Amma wani ya zo layin nan daga makarantar da ake ci sau uku, da fili a aune, da takalmi mai ƙusa, wani kuma ya zo daga bakin jigo da fura a ciki. Waɗanda za su iske a Ikko an ce yawancinsu ma'aikata ne, wuraren aikinsu na rage musu aiki, suna ba su nama, suna ɗaukar musu mai koyarwa. Su kuma in sun ƙetare teku za su iske waɗanda ƙasarsu ta aje musu likita na musamman. Kowa akwai wanda aka fi shayar da shi. Ranar da na tsaya a garkar Kyauta na ga yadda yake bin fangali ɗaya bayan ɗaya, har na can ƙarshe inda ruwa ke wahalar kaiwa, sai na ce da haka masu riƙe da kuɗin wasanni ke yi, da ba a san iyakar samarin da za a samu tsakanin Magarya da Goronyo kaɗai ba. Na roƙi kwamiti su ɗauki mutum biyu, suka ce in aka yi wa mil uku sai an yi wa kowa, kuma gaskiyarsu ce, abin da aka ba su ba shi da yawa. Duk waɗannan ba ni da iko a kansu, kai ma ba ka da shi. Amma cikin abubuwan da suka tare wa yaron nan hanya, akwai guda ɗaya da ke hannun gidanmu, mu muka ɗora masa shi, kuma da kyakkyawar niyya muka ɗora.

Ba ni zan koya maka ba, a gabanka na yi karatu. Ladabin da ka sa wa Sale abu ne mai kyau, ba na son ya rabu da shi, da yaran ajina za su samu rabinsa da na huta. Sai dai ina ganin in an tara mutane an ce za a auna a ga wa ya fi, aka ba da amana cewa kowa zai fito da abin da Allah ya ba shi, to wanda ya ɓoye nasa ya sa ma'auni ya faɗi abin da ba shi ne ba, ko da kunya ce ta sa shi. Kuma ba na yi maka alkawarin Sale zai shiga jirgi. Mai yiwuwa a Kaduna a wuce shi, mai yiwuwa a Ikko, mai yiwuwa takalmin da za a ba shi ya hana shi sakewa. Abin da nike so kawai, in za a wuce shi, a wuce shi yana iyakar gudunsa. Ka kuma sani yana so, ko da ya ce ya bari. Maƙwabtansu sun gaya mini har yanzu in ya tashi daga garka bayan la'asar, ba ya bin hanyar gida, sai ya zagaya ta bakin gulbi da gudu shi kaɗai. Ranar da na je ma, da zai raka ni, sai da ya tambaye ni a hankali ko gaskiya ne in jirgi ya shiga teku ba a hango gaɓa ta kowane gefe.

Roƙona ke nan. In ka ga ya dace, ka rubuta wa Sale, da sunansa ba da nawa ba, ka ce masa ka yarda ya wuce Maccido a fili, kuma yin haka ba saɓa maka ba ne. Kada ka bugo waya, don akawu ne zai rubuta ta da boko, zai ce dabarar Malam Mu'azu ce. Ka rubuta da ajami da hannunka, hannun da ya sani tun daga allonsa. Lawwali zai taso daga nan jibi, ya ce zai juyo kafin Salla, ana iya ba shi. Na san abin da nike nema a wurinka. Ina neman ka buɗe wa ɗan wani ƙofar da ɗanka ke tsaye a bakinta, bayan ka riga ka gaya wa mutane, kuma sai ka sake tsayawa gaban dattawan zango ka gyara magana. In ka ga bai dace ba, ka yi shiru kawai, ba sai ka ba ni dalili ba. Sale ba zai zo ba, Maccido zai tafi, ni da kaina zan raka shi Kaduna in yi masa kuwwa har muryata ta dushe, kuma ba za ka sake jin maganar nan daga bakina ba.

Inna tana gaishe ka, ta ce ka riƙa shan kanumfari da zuma saboda tarin, kuma goron da ka aiko ya yi mata daɗi amma fari take so nan gaba. Yaya Kulu tana gaisuwa, ta san ina rubuta takardar nan, ta ce abin da ka yanke shi ke nan. Mairo da Safara'u suna gaisuwa, da 'yar'uwarmu Habi ta Magarya da 'ya'yanta, da liman da dukan mutanen zaure. Kyauta ya ce a gaishe ka da kyau, ya ba Lawwali albasa ya kawo maka, in ta iso da rai. Sale ya ce a gaishe da Malam Babba, a ce masa bai bar tilawa ba, ya kuma roƙe ni kada in dame ka da zancen gudu. Ka gai da mai masaukinka da dukan mutanen ƙasarmu da ke zango.

Maccido na nan zaune kusa da ni, gobe zai koma makaranta. Na karanta masa abin da na rubuta, ya ce in ƙara maka saƙonsa yadda ya faɗe shi, ga shi: “A ce wa Baba in amsa ta zo kada a ba kowa, ni za ni kai ta Goronyo in tsaya har Sale shi karanta, don shi ga huskata. A kuma ce mai ranar gudun ba ni rage komi. In zai wuce ni, sai ya yi gumi.”

Allah ya yi maka jagora, ya haɗa fuskokinmu da alheri.

Ni ne ƙanenka mai biyayya,
Mu'azu.